Ranar da muka aika ma'aunin zafi kilomita 30 sama

Da muka zare balan-balan ɗin daga leda, roba ce kawai mai laushi, gram 1,200, a naɗe kamar tsohuwar riga. Ƙanena ya kai hannu zai ɗauka yana cewa, "Yaya, wannan ce za ta wuce inda jirgi ke bi?" Na ce ya sa safar hannu tukuna. Maiƙon hannu da farce suna raunana robar, kuma inda ta yi rauni a ƙasa, nan za ta fara yagewa a sama.

Mu huɗu ne, wata uku muna shiri. Akwatin da za mu rataya a jikin balan-balan ɗin na farin soso ne, irin wanda ake kare kayan lantarki da shi, don ba nauyi kuma yana riƙe ɗumi. Muka zuba masa ƙaramar kwamfuta mai rubuta bayanai a katin ajiya, ma'aunin zafi ɗaya ciki ɗaya waje, ma'aunin matsin iska, na'urar GPS da rediyon da zai riƙa faɗa mana inda take, sai kyamara. Batirin litiyom muka sa, domin na yau da kullum sanyi kan kashe shi. Duka bai kai kilo ɗaya ba. Izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ya ci mana makonni, kuma ban ga laifinsu ba, hanyar jirage za mu ratsa.

Wajen ɗura hiliyom, gas mara nauyi da ke ɗaga balan-balan, muka fara yin kuskure. Ba a cika balan-balan da ido. Ana lissafa ƙarfin ɗagawar da ake so, a zuba ruwa mai wannan nauyin a gora, a ɗaure ta a wuyansa, a yi ta ɗura gas har gorar ta tsaya a iska, ba ta tashi ba ta sauka. In gas ya yi yawa zai fashe tun bai kai inda ake so ba. In ya yi kaɗan hawan ya yi nawa, iska ta yi ta jansa. Mu kuwa a fili muka yi awon, iska na kaɗa shi, gorar na tashi tana sauka, muka ce ya isa. Ashe da saura. Mita 5 a daƙiƙa muka nufa, muka samu wajen 4. Bambancin kamar ba komai ba, amma ya ƙara mana kusan minti 25 a sama, kowane minti kuma akwatin na ƙara yi mana nisa.

Bayan minti kaɗan da sakinsa ido ya daina ganinsa, muka koma kallon lambobi a mota. Zafi na sauka kamar yadda littafi ya ce, kusan digiri 6.5 a kowace kilomita. Matsin iska da ya fara daga sama da hektofaskal 900 (da shi ake awon matsin iska) ya kai kusan 500 a wajen kilomita 5.5. Sai a kilomita 9 ma'aunin matsin ya fara shirme. Daga baya na buɗe takardar bayaninsa, ga shi an rubuta ƙarara: daga 300 zuwa 1,100. Ni na saye shi, ni ban karanta ba. A kilomita 30 matsin bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na wanda ke bakin teku ba, wato mun aika na'urar inda ba a ƙera ta don shi ba. GPS kam ta fitar da mu kunya, don wannan mun karanta: da yawansu sukan daina aiki a mita 18,000 ko ma kafin nan, sai an saita su a yanayin tashi sama.

Abin da na fi jira ya zo a wajen kilomita 17. Ma'aunin waje ya sauka har ƙasa da sifili da digiri 70 da wani abu, ya tsaya cak, sannan ya fara hawa. Na san dalilin tun a aji: mun bar tirofosfiya, inda gajimare da ruwan sama suke, mun shiga sitiratosfiya, inda iskar ozon ke shanye wani sashe na hasken rana ta ɗumama wurin. Iyakar tana kusan kilomita 11 a ƙasashe masu sanyi, ta fi haka tsawo kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu. Amma sani a littafi daban, ganin lambar ta juya a gabanka daban. Shiru motar ta yi.

Murnar ba ta daɗe ba. Can sama ma'aunin ya riƙa tsalle, yanzu ƙasa da sifili da 40, anjima da 20, ya sake komawa. Iska ba ta canza zafi haka. Akwatin ne ke juyi a igiya, ma'aunin na shiga rana yana fita. Iskar wurin ta yi siriri, ba ta iya ɗauke zafin da rana ke zuba wa na'urar, don haka zafin jikinsa yake aunawa, ba na iska ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tarkon tsoho ne. Léon Teisserenc de Bort, Bafaranshen da ya sanar da gano sitiratosfiya a 1902, ya yi zargin cewa rana ce ke yaudarar ma'aunansa, shi ya sa ya riƙa sakin balan-balan da dare a Trappes, kusa da Paris, har ya gamsu. Ya harba sama da 200 kafin ya yi magana. Mu sau ɗaya muka harba, da rana tsaka, ma'auni a tsirara manne da jikin akwati.

Balan-balan ɗin da bai kai mita 2 a faɗi ba a ƙasa ya kumbura ya ninka haka sau huɗu ko fiye, ya fashe da ya ɗan haura kilomita 30. Da farko faɗuwar ta tsorata mu, don laimar sauka ba ta samun iskar da za ta kama a can. Sai da ya gangaro ta fara riƙe shi. Kusa da ƙasa rediyo ya ɗauke, tudu ya shiga tsakaninmu. Da wurin ƙarshe da ya aiko da kuma inda iska ke kaɗawa muka yi kirdado, muka yi awa uku muna nema, muka same shi rataye a bishiya.

Hotuna rabinsu hazo ne, don mun rufe kyamarar da gilashin roba, damshin da ke ciki ya daskare a kai. Kaɗan da suka fita sun nuna sama baƙi ƙirin da rana tsaka, da wani siririn layi shuɗi a gefen duniya. Su mutane suka fi tambaya, ni kuwa katin ajiyar na fara zarewa.

Tashoshin hasashen yanayi a faɗin duniya suna harba irin wannan balan-balan sau biyu a rana, ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, don haka muka ɗauko bayanan tasha mafi kusa muka jera da namu. Har zuwa inda zafin ya juya layukan biyu suna tafiya tare, daga nan namu ya kauce. Mun riga mun sayi balan-balan na biyu. Wannan karon a cikin rumfa za mu ɗura gas, ma'aunin zai zauna a bakin sanda nesa da akwati cikin farar rumfarsa, kuma mun nemi a ba mu lokaci kafin fitowar rana.