Shaidar da ƙwayar halitta take yaƙar bairas da ita

A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wani ɗan ƙaramin furotin mai suna yubikwitin, wanda amino asid 76 kacal suka haɗa shi (wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su), kuma amfaninsa shi ne a manna shi a jikin wasu furotin a matsayin shaida. Idan aka jera shi ya zama sarƙa iri guda, to ya zama kamar jan fentin da hukuma take shafa wa ginin da za a rushe, domin nan take wani inji mai siffar ganga da ake kira furotiyasom zai ja furotin ɗin ya daddatsa shi. Gano wannan tsari ne ya sa aka ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a shekarar 2004.

Rukuni uku na inzayim (furotin masu gudanar da ayyukan sinadarai a jiki) ne suke miƙa wa juna aikin manna shaidar, wato E1 da E2 da E3, amma na ukun ne yake zaɓar wanda za a yi wa shaida, kuma ɗan Adam yana da irinsa sama da 600.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne TRIM21. An daɗe ana ɗauka cewa sinadaran kariya da jiki ke samarwa a cikin jini ba su da sauran tasiri da zarar bairas ya kutsa cikin ƙwayar halitta. A shekarar 2010 Leo James da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka nuna akasin haka ta hanyar gwaji da adinobairas: bairas ɗin yakan shiga da sinadaran kariyar maƙale a jikinsa, sai TRIM21 ya cafke su ta wutsiya, ya ɗaura sarƙar yubikwitin, furotiyasom kuma ya wargaza baƙon tun kafin ya fara hayayyafa. Shi kuwa TRIM25, wanda shi ma E3 ne, wata sarƙar daban yake ƙullawa a jikin RIG-I, furotin da ke gane kayan gadon bairas, kuma wannan sarƙa ba ta rusau ba ce, ta gangami ce, domin ita take sa a saki intafiron, furotin mai kai saƙon gargaɗi, ya faɗakar da ƙwayoyin da ke maƙwabtaka.

A ganina babbar hujjar muhimmancin wannan tsari ita ce irin wahalar da bairas suke sha wajen murɗe shi. Bairas ɗin mura yana da furotin NS1 da ke toshe TRIM25. Na ƙanjamau ya fi wayo, domin furotin ɗinsa mai suna Vif yakan yi garkuwa da wani E3 na jikinmu, ya tilasta masa ya yi wa APOBEC3G shaidar rusau, alhali APOBEC3G ɗin ne yake lalata kayan gadon bairas ɗin. Haka ma bairas ɗin HPV, inda furotin ɗinsa E6 yake haɗa baki da wani E3 na jikinmu mai suna E6AP su halaka furotin p53, mai hana ƙwayar da ta lalace ci gaba da rarrabuwa. Ta wannan ƙofa ce ake kaiwa ga sankarar bakin mahaifa, cutar da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoban 2023.