Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Yaran da Muka Tsinta a Hanyar Gisenyi

A makon jiya na tsaya inda ƙungiyar agajin da nake yi wa aiki ta ɗauke ni daga Kigali, babban birnin Ruwanda, ta mayar da ni Gisenyi, a bakin tafkin Kivu, daura da garin Goma na ƙasar Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a yanzu). Faransancin da na koya a makaranta a Damagaram ne ya sa aka zaɓe ni, domin da shi muke cike takardun yara.

Ranar 15 ga Nuwamba 1996 jama'a suka fara kwararowa. Sansanin Mugunga da ke kusa da Goma, inda 'yan ƙabilar Hutu da suka gudu daga Ruwanda a 1994 ke zaune, ya watse, 'yan bindigar da suka riƙe 'yan gudun hijira sama da shekara biyu sun tsere daji, mutane suka juyo gida a ƙafa. Cikin 'yan kwanaki kusan rabin miliyan suka ƙetaro. Titi ya cika maƙil, ko mota ba ta iya ratsawa. Kowa da tabarma a ka, da tukunya, da jarkar ruwa, ƙafafu duk sun kumbura.

A irin wannan turmutsitsi uwa ta saki hannun ɗanta ta gyara goyo, kafin ta waiwayo ya ɓace. Don haka muka riƙa raba igiya, uwa ta ɗaura a kugunta, ta ɗaura ɗaya bakin a hannun yaro. Wanda ya riga ya ɓace mu ɗauke shi, mu ba shi biskit da ruwa, mu ɗauki hotonsa da lamba a ƙirji. Manyan ba su da wahala, sun san sunan ubansu da gundumarsu da tudun da gidansu yake. Ƙananan ne tashin hankali. Ka tambayi ɗan shekara uku sunan uwarsa, ya ce maka "Mama". Shi ya sa aka hana mu yar da tufafin da yaro ya zo da su, komai dattinsu. Sau da yawa da rigar nan uwa ke shaida ɗanta, ta ce ga inda ta yi faci da hannunta.

Mai yi mana tafinta wata dattijuwa ce Batutsiya. An kashe mijinta da 'ya'yanta a watan Afrilun 1994, lokacin kisan kiyashin da masu tsattsauran ra'ayin Hutu suka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi, ita kuwa wasu Musulmi a unguwar Nyamirambo ta Kigali suka ɓoye ta. Ita ke yi wa yaran nan wanka, tana cire musu kwarkwata, alhali ta san a cikin iyayensu akwai waɗanda suka ɗauki adda. Wata rana na kasa haƙuri, na ce, "Mama, yaya kike iyawa?" Ta ce, "Ɗana, wannan da ka gani ba a yaye ta ba lokacin da aka yi abin. Miƙo min sabulu."

Har yau abin yana ci min rai idan na tuna yadda aka raba agajin nan. An kashe mutum dubu 800 ko fiye cikin kwana ɗari, amma mafi yawan abinci da magani sai suka nufi sansanonin ƙetare irin na Zayar, inda waɗanda suka shirya kisan ke riƙe da rabon. Ba na cewa a bar masu kwalara su mutu, Allah ya kiyaye. Amma irin su Mama, da suka rage a cikin ƙasa ba miji ba rufin kwana, kaɗan ne suka waiwaye su. Da kansu mata hamsin da aka kashe wa maza suka kafa ƙungiyar AVEGA a 1995. Gadon gona ma sai a 1999 doka ta ba mace.

Yarinyar da take wa wanka ranar nan ta yi makonni ba ta ce uffan ba. Mama ta ba ta fensir da takarda, ta zauna kusa da ita tana tsefe mata kai. Yarinya ta zana gida, da coci, da wasu layuka jere a gefen tudu. Mama ta duba ta ce gonar shayi ce. Akwai ta Pfunda nan kusa da mu, sai muka ce mu fara da can.

Da asuba muka sa rigarta ta farko a leda, muka shiga mota. Tsohuwar da muka tarar a bakin cocin, da abin da ta faɗa mana game da uban yarinyar, shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.