Awa 48 bayan an haska fuska

An yi mini zama uku na maganin kurajen fuska da ake shafawa sannan a haska masa fitila, wanda likitocin fata ke kira PDT. Kurajen sun lafa, maiƙo ya ragu sosai, amma baƙin tabon da na kwaso a zaman farko har yau yana kumatuna na dama, kuma duk sanda na duba madubi sai raina ya ɓaci.

Da farko ana goge fuska tas a cire maiƙo, sai a shafa maganin, wato sinadarin ALA (aminolevulinic acid), a bar shi. Nawa awa ɗaya aka ba shi, ina zaune a ɗaki mai duhu-duhu. A wannan lokacin fata ke mayar da shi protoporphyrin IX, sinadarin da haske ke tayarwa, wanda ke taruwa a ƙwayoyin da ke fitar da maiƙo. Sai a goge, a rufe idanu, a kunna jan haske mai tsawon zango wajen nanomita 630, domin ya fi shuɗin haske ratsa fata. Akwai raɗaɗi kamar an watsa barkono, fanka ce ke ɗan sassauta shi.

Abin da ban riƙe da kyau ba shi ne, kashe fitila ba ya kashe maganin. Sauran sinadarin na nan a fata har kwana biyu, kuma hasken da ido ke gani ne ke tayar da shi. An ce mini in guji rana awa 48, sai na ɗauka man kare rana da gilashin mota sun wadatar. Washegari na yi tafiyar minti arba'in da la'asar, rana na dukan gefen dama. Gilashi ba ya tare wannan hasken, man da ba shi da launi ma haka. Kafin magariba wurin ya kumbura yana zafi, daga baya ya yi saɓa ya bar baƙi. Baƙar fata irin tamu da tabo take rama kowace ƙuna, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya dusashe.

Kada fesowar ƙananan kuraje masu ruwa a kwana na biyu ko na uku ta tayar miki da hankali, an saba ganin haka, kada dai ki matse. Ki faɗa wa likita idan kina shan doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin shi ma yana sa fata ta kasa jure haske.

A zama na biyu na roƙi a rage lokacin barin maganin, na sa aka ba ni layin ƙarshe dab da magariba, na koma gida fuska a lulluɓe da mayafi mai kauri. Kwana biyu labule a sauke, ko shanya ban fita yi ba. Fatar ta yi saɓa cikin mako guda, ba sabon tabo ko ɗaya.