Kwalayen abincin da suka kai ni taron 'yan Pagan

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ni da wasu mata daga masallacinmu muna zuwa taimakawa a wani wurin raba abinci kyauta a nan garin da nake zaune a Amurka, mu jera gwangwanin wake da taliya da shinkafa a kan kanta, mabuƙata su zo su ɗiba. To a Satumbar bara sai ga mota ta sauke kwalaye cike da kaya, na tambayi dattijuwar da ke riƙe da rijista nace Mama daga wace coci aka kawo, dan yawanci coci-coci ne ke kawo irin wannan, tace ai ba coci bane, 'yan Pagan ne suka yi taronsu na shekara, kuma ita ma tana cikinsu.

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ni a kaina kalmar nan ba ta da wata fassara sai "arna", kuma duk wanda ya tashi a gida ya san yadda ake jifan mutum da arne. Ƙari akan haka wasunsu, masu bin wani reshe na addinin da ake kira Wika, suna kiran kansu da sunan da in ka juya shi zuwa Hausa "mayu" ne zai fito, mu kuwa maye mai kama kurwa muka sani. Ga shi matar nan shekara biyu muna aiki tare, ita ce ke tuna min lokacin azahar ya yi ta buɗe min ɗan ɗakin ajiya in yi sallah.

Bana da ta gayyace ni taron nasu sai na je in ga da idona. A filin shaƙatawa na tsakiyar gari aka yi shi, da rana tsaka, ba katanga ba ƙofa, kuɗin shiga kuwa gwangwanin abinci ne, ko ɗaya ka kawo ka shiga. Sunan abin Pagan Pride Day, an fara shi a 1998, kuma ana yinsa ne daga Agusta zuwa Oktoba, kusa da lokacin da dare da rana ke daidaita tsawo wajen 22 ga Satumba, wanda a wurinsu bikin kaka ne na godiya akan amfanin gona. Akwai rumfunan masu saida turare da kyandir da sarƙoƙi, ga masu kiɗa, ga tebur da aka rubuta duk mai tambaya ya zo ya yi. Ni ma na yi tawa, nace shin Shaiɗan kuke bautawa? Wani saurayi ya amsa min ba tare da ya ɓata rai ba, yace su Shaiɗan ma baya cikin addininsu, wasu alloli na tsoffin Turawa suke girmamawa, wasu na Girka, wasu na mutanen arewacin Turai, wasu kuma ƙasa da rana da wata. Da za su yi ibadarsu suka yi da'ira, ni na koma gefe na tsaya, ba wanda ya ce min kanzil.

Ni Musulma ce, abinda suka yarda da shi ban yarda da shi ba, kuma na faɗa wa Mama haka ƙiri-ƙiri. Amma da na ji dalilin da yasa suke fitowa fili sai jikina ya yi sanyi. A Ingila sai 1951 aka soke dokar hukunta maita, shi yasa Gerald Gardner, wanda ya fito da Wika duniya ta sani, bai iya buga bayaninta a fili ba sai 1954. A nan Amurka kuma a shekarun 1980 an yi wani ruɗani na tsoron masu bautar Shaiɗan, aka rinƙa zargin mutane da abinda ba su ji ba ba su gani ba, dan haka da yawa suka ɓoye addininsu saboda tsoron a kore su daga aiki ko kotu ta raba su da 'ya'yansu in aure ya mutu. Mama tace ita shekaru ta yi tana cusa sarƙarta mai alamar addininta cikin riga.

Labarin da yafi taɓa ni shi ne na wani soja, Saja Patrick Stewart, ɗan jihar Nebada, an harbo jirginsu mai saukar ungulu a Afganistan a 2005 ya mutu. Matarsa ta nemi a sa alamar addininsa na Wika a kabarinsa, tauraro mai tsini biyar a cikin da'ira, ma'aikatar tsofaffin sojoji taƙi, alhali akwai giciye akwai jinjirin wata da tauraro namu na Musulmi da wasu alamomi sun fi talatin. Sai da aka kai ƙara kotu kafin a amince a Afrilun 2007. Mutum ya mutu a bakin aikin ƙasarsa amma ace matarsa sai ta yi shari'a akan abinda za a zana a kabarinsa, ni da nake sa hijabi a ƙasar nan ana kallona a kanti na san ɗan wani abu game da wannan zafin.

Ina tsaye a filin nan sai Maguzawa suka faɗo min a rai, waɗanda ke ƙauyukan Kano da Katsina. Kakata ta sha faɗin cewa wajen noma da riƙon amana ba a kai su ba, amma mu yara ba mu san komai nasu ba sai tsafi da burkutu, dan ba mu taɓa zama mun tambaye su ba, su ma ba su da wani filin da za su kafa tebur ace a zo a yi tambaya.

Asabar ɗin da ta biyo baya kwalayen suka iso kanta, har da gwangwanin tumatir biyu da na kai da hannuna. Wata 'yar Somaliya mai yara huɗu ce ta fara shigowa, ta cika jakarta tana ta sa albarka, Mama na rubuta sunanta a rijista. A watan gobe masallacinmu zai buɗe ƙofa ga maƙwabta su zo su ga yadda muke sallah su yi tambayoyinsu, na riga na gayyaci Mama, tace za ta zo, har tana tambayata wane irin ɗankwali ya kamata ta ɗaura.