Godiya Ga 'Yan Uwa Da Abokan Arziki Na Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi walima lafiya, an watse lafiya. A madadin iyayena da ni kaina, ina godiya ga duk wanda ya tako ƙafa ya zo gidanmu a Birni don taya mu murnar kammala digirina na dokta. Mutanen Zango, na Sabon Gari, da waɗanda suka taso tun daga Mirriya da Matamai da rana tsaka, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Da yawa kun tambaye ni a wurin: wai me ka je ka karanto a Faransa? Hayaniya ba ta bari na amsa yadda ya kamata ba, kuma kuna da haƙƙin sani, tunda da addu'arku da kuɗinku aka yi.

Aikina a kan wata 'yar matsefata ce da ake kama abubuwan da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kaurin gashin kai bai cika wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba, to abin da muke kamawa ya kan fi shi ƙanƙanta. In an matse da ƙarfi ya fashe, in an sassauta ya suɓuce, ga shi hannun mutum ba ya jin komai a wannan ƙanƙantar. Dole a sa wa bakin matsefatar abin da zai ji ya taɓa. Nan ne piyezo ya shigo, wato abin da ke fitar da lantarki in an matsa shi. A 1880 wasu 'yan uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in aka matsa dutsen kwaz yana fitar da lantarki. Daga baya aka tabbatar in aka ba shi lantarki shi ma yana motsi. Piyezo ne a cikin ƙyastun gas da kuke dannawa ya ba da tartsatsi, shi ne kuma a na'urar eko da ake duba masu ciki.

Matsalarsa ɗaya: lantarkin da yake fitarwa yana zurarewa, don haka in matsin ya tsaya cak, nan da nan sai ya daina nunawa. Abin da na yi aiki a kai shi ne a sa kwaz ɗin ya yi ta karkarwa, da zarar ya taɓa abu saurin karkarwar ya canza, kwamfuta ta gane. Abin da ya fi ba ni wahala ma ba kamawar ba ce, sakin ne. A wannan ƙanƙantar nauyi ba ya jan abu ƙasa yadda danshi da lantarkin gogayya suke manne shi, sai ka buɗe matsefata abu ya ƙi faɗuwa.

Kawu, kai ne farkon malamina a wannan fanni. A teburinka na gyaran agogo a Kasuwar Dole na fara ganin ɗan gwangwanin nan mai kama da ƙwayar shinkafa. Ka fasa mini ɗaya da bakin filaya, ka ɗora a farar takarda, ka ba ni gilashin idonka, na ga ɗan kwaz mai ƙafa biyu. Yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, da shi agogo yake ƙirga lokaci. Irinsa na yi amfani da shi a bincikena. Allah Ya ƙara maka lafiyar ido.

Inna, ke da kika sayar da tumakinki aka cika kuɗin jirgi, ba ki taɓa tambayata yaushe zan biya ba. Baba, Allah Ya ja kwana. Gwaggo da matan unguwa da suka kwana a bakin murhu, sannunku da aiki. Mushen da ya koya mana fizik a lise Amadu Kuran Daga, da ya zo da sandarsa ya zauna har aka shafa fatiha, ganinka ya sa ni hawaye, Malam. Ina kuma gode wa malamaina na Besançon, garin da na yi karatu a Faransa, da ɗalibai 'yan Nijar da suka riƙe ni a lokacin sanyi.

Wanda gayyata ba ta kai gare shi ba, ya yi mana afuwa. Ɗaliban lise da na jami'ar André Salifou masu son ganin yadda abin yake aiki, ina gida bayan la'asar har ƙarshen hutu. Ku zo da mataccen agogon hannu mai batir, mu buɗe shi tare.

Wassalam.