Waɗanda suka zauna da waɗanda suka tafi

Lokacin da na fara kula da 'yan sa-kai masu bin masu cutar ƙanjamau gida-gida a Kano, takardu nake dubawa kafin in ɗauki mutum. Mai shaidar makarantar kiwon lafiya shi nake sawa gaba. Yawancinsu da sun samu aikin albashi suke tafiya, ban kuwa ga laifinsu ba.

Waɗanda suka zauna mata ne da suka manyanta. Wasu sun yi jinyar miji har Allah Ya karɓi abinsa, wasu su ma suna shan maganin. Gidan da aka rubuta "ba a shiga", namiji zaure ne iyakarsa. Ita kuwa sai ta yafa mayafi ta shige kamar mai zuwa barka, ba riga mai tambari, ba jaka mai rubutu, maƙwabta ba su san abin da ya kawo ta ba. A unguwar da tsangwama ke iya kashe aure, wannan riƙon sirri ya fi kowace takarda.

Tun da gwamnatin tarayya ta mayar da maganin kyauta a 2006, aikin ya rage zama na wanke majinyaci da juya shi kan tabarma, ya koma bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani. Sai dai abinci ba kyauta ba ne. 'Yar sa-kai za ta ce a sha magani, a ce mata tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Sai ta ciro kuɗin motarta ta sayi garin kwaki, ta koma gida a ƙafa. Wannan ne ke cinye su, kuma na daɗe ban lura ba, don babu gurbinsa a takardar rahoto. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya tashi, alawus ɗinsu bai motsa ba.

Sai kuma mutuwa. Wata ta daina zuwa bayan rasuwar yarinyar da ta yi wata da watanni tana bi. Na je har gidanta. Ta ce, "Malama, a taro kun tambaye ni gidaje nawa na shiga, ba wanda ya yi mini gaisuwa."

Yanzu taronmu na wata-wata da gaisuwar waɗanda aka rasa muke buɗe shi, kuɗin mota kuma kafin a fita ake bayarwa.