Daga Kakuri Zuwa Kantin Kwari Neman Kayan Zuwa Ofis

Shekara 24 na yi ina koyarwa, kuma duk tsawon lokacin nan hijabi ne ya rufa mini asiri. In dai wankakke ne an goge shi, babu ɗalibar da za ta damu da abin da ke ƙarƙashinsa. Sai ga takardar canjin wurin aiki ta mayar da ni ofis, inda ake zaman taro kusan kullum, ana karɓar baƙi, wani lokacin ma a tura ni in wakilci shugabarmu. Sati biyu da fara zuwa, na zazzage kayan sif ɗina a kan gado. Gida biyu suka rabu: na biki masu duwatsu da ƙyalƙyali, ragowar anko na shekara da shekaru, sai na zaman gida da suka koɗe. Na tsakiya babu. Ga shi jikin 'yar shekara 51 ba irin na 'yar shekara 30 ba ne. Hannun riga ya matse, kuma akwai wani zafi da yakan taso mini da tsakar rana, in jiƙe sharkaf ko da fanka na juyawa.

Na zaga shagunan ɗinkakkun kaya a nan Kaduna. Abin da na tarar yawanci na 'yan mata ne, matsattse, yadin kuma roba zalla. Wanda ya yi daidai da ni kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfina. Da na yi wa ƙanwata da ke aure a Kano ƙorafi a waya, cewa ta yi, "Yaya, in kin ɗauki adashinki kada ki taɓa ko sisi. Ki taho da shi, ni zan kai ki Kwari." Naira 150,000 na ɗauka, na ƙulle, na jira Asabar.

Ana idar da sallar asuba na fito. Daga Kakuri zuwa tashar Kawo sai an ratsa garin daga kudu zuwa arewa, kuma farkon abin da mutum zai wuce shi ne dogayen katangun masaƙu. A nan na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikinsu ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ina tuna jiniyar canjin aiki, da ƙofa in ta buɗe kekuna su ɓarko kamar an fasa dam. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, daga baya masaƙun United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles da sauransu suka biyo. KTL ta tsaya a 2002. Yau ciyawa ce ta cinye harabar. Na wuce su da duhun asuba ina kan hanyar tafiyar kilomita sama da 200 don in sayo atamfar da aka buga a Chana. Abin ya tsaya mini a rai har muka wuce Mararrabar Jos.

Sharon na samu, kujerar tsakiya. Kuɗin mota na biya ina ƙirgawa a zuci, domin tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 duk wanda zai je sayayya wani gari sai ya fara lissafin ko rangwamen da zai samu zai biya kuɗin hanya. Jaji, Zariya, Tashar Yari, duk na wuce su ina gyangyaɗi. A Kwanar Ɗangora ne matar da ke gefena ta miƙo mini dabino, hira ta ɓalle. 'Yar sari ce, duk bayan sati biyu take zuwa Kano ta saro atamfa da leshi ta bayar bashi ga matan ma'aikata. Da ta ji abin da ke tafe da ni sai ta gyara zama.

"Hajiya, abu biyu zan gaya miki. Kada ki sayi komai a shagon bakin titi, ki kutsa ciki. Sannan duk yaron da ya tare ki yana cewa zo in kai ki, ɗan kamasho ne, ladansa a cikin kuɗinki zai fito. Ki ce masa kina da mai shagon da kike saye a wurinsa."

Muka wuce Kwanar Gafan da kwandunan tumatir jere a bakin hanya, muka wuce Kura da Ƙarfi inda hayaƙin gasasshiyar masara ke shigowa ta taga. Kafin ƙarfe 11 muna Unguwa Uku. Ƙanwata na tsaye tana jirana, ko gida ba mu biya ba muka tari Adaidaita Sahu sai Fagge.

Wanda bai taɓa shiga Kantin Kwari ba zai ɗauka kasuwa ce mai rumfuna. Gidaje ne, benaye, kowane gida cike da shaguna, tsakaninsu lunguna da ƙyar mutum biyu ke giftawa. A da 'yan kasuwa Larabawan Lebanon da Siriya ne ke riƙe da wannan yanki, yau kuwa kasuwar ta zama inda Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sari. A lungu ɗaya na ji Zabarmanci, na ji Larabcin Chadi, na ji Faransanci. 'Yan dako na tafe da dila a ka suna "hanya, hanya," dole ka manne da bango. Ƙamshin sabon yadi kuwa, wannan ɗin na san shi tun ina yarinya a jikin rigar babanmu.

Shagon farko da muka shiga na nemi a sauko mini da Holland, don in san inda ƙarshen abin yake. Ta Vlisco ce, kamfanin da ke garin Helmond tun 1846. Na shafa ta, laushi kamar an riga an wanke, ciki da waje kala ɗaya. Da mai shagon ya faɗi kuɗin turmi sai na mayar masa da hannu biyu. Turmi ɗaya, yadi 6, ya haura mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kuma ba da kaɗan ba. Da na saya, da adashina ya ƙare a kaya ɗaya.

Can cikin wani gida, a hawa na biyu, muka samu dattijon da ƙanwata ke saye a wurinsa. Bai yi gaggawar sauke kaya ba, tambayata ya fara yi.

"Hajiya, biki ko aiki?"

"Aiki, Alhaji. Kullum, Litinin zuwa Juma'a."

"To ki manta da wanda ya fi ɗaukar ido. Wanda zai sha wanki za ki nema."

Ya sauko da turame biyu masu kusan zane iri ɗaya, ya ce in zaɓa. Hannuna ya tafi kan mai sheƙi. Sai ya zare zare ɗaya daga bakin kowanne, ya ɗauko ashana. Na mai sheƙin ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, yana warin leda. Na ɗayan ya ci wuta ya zama toka, da ya murza da yatsa ta watse, warinsa kamar an ƙona takarda. "Wannan roba ce, wannan auduga," in ji shi. "Ke da kika ce zafi na damunki, wancan in kin sa shi kamar kin shiga cikin leda ne." Ya nuna mini yadda zan murje gefen yadi tsakanin yatsu in ga ko sitaci ne ya ba shi kauri, da yadda zan juya bayansa in ga ko rinin ya ratsa. Ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a jiki don mu ga ko tana zuba. Duka biyun daga Chana suka zo, amma ba ajinsu ɗaya ba, kuma bambancin kuɗinsu bai kai yadda na zata ba.

A nan na fi daɗewa. Na ajiye duk mai manyan furanni, domin atamfa mai babban zane in ka sa ta sau biyu a sati kowa ya haddace ta. Na ɗauki masu ƙananan zane, kala mai duhu: shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, da kore irin na ganyen kuka. Dabarar da ta fi ceto na ta ƙanwata ce. Ta ce maimakon turmi ya tashi a kaya ɗaya, mu sayi yadi marar zane mai kalar da ta shiga da shi, a yi siket da shi, atamfar kuma a fitar da riga biyu da ɗankwali. Turmi na huɗu ma raba shi muka yi, yadi 3 nata, 3 nawa. Na ƙara da mayafai uku marasa ado, baƙi da ruwan toka da ruwan madara, waɗanda za su hau kan kowanne. A wani shagon na ɗauki baƙar abaya guda ba dutse ko ɗaya. Na san tana da zafi, amma na yi ta ne don ranar da aka kwana babu wuta, ba a samu yin guga ba.

A bayan shagon dattijon muka yi azahar, ya sa yaronsa ya kawo mana gurasa da zoɓo mai sanyi.

Da ƙanwata ta ce saura Ƙofar Wambai, na ɗan ja baya. Ban saba sayen gwanjo da kaina ba. Amma da muka isa na tarar da mata irina, wasu da katin aiki rataye a wuya, kowa ta duƙa tana zaɓe, babu mai kallon wata. Mun yi sa'a ana buɗe sabuwar dila ta jakunkuna. Na samu baƙar jaka ta fata, mai faɗin da fayil zai shige, zip ɗinta lafiya lau. Takalmi na ɗauki mai ɗan tudu kaɗan, rufaffe, domin gwiwata ba ta son tsini kuma ofishinmu a bene yake. Na lanƙwasa tafinsa na duba ko ya tsage, na leƙa dunduniyar. Sai kot mai ruwan toka da zan riƙa ɗorawa in an shiga ɗakin taro mai na'urar sanyaya ɗaki. Ƙanwata ta juya shi ciki waje, ta duba hammata da wuya da shafin ciki, ta ƙirga maɓallai, sannan ta fara ciniki daga rabin abin da yaron ya faɗa. Ya ce albarka, muka juya, ya kira mu. Duka ukun ba su kai kuɗin sabuwar jaka ɗaya da na taya a Kaduna ba.

Da daddare muka je wurin telarta, wata mata mai keke biyu a zauren gidanta. Ta ɗauko wayarta za ta nuna mini sababbin yayi, na ce ta bari tukuna, ni zan faɗi abin da nake so, domin na daɗe ina tunaninsa. Hannun riga ya sauko har wuyan hannu, amma da faɗin da zan naɗe shi ya wuce gwiwar hannu in yi alwala a ofis ba tare da na cire komai ba. Wuya kada ya zurma. Siket miƙaƙƙe, ba mai jela ba, wanda zan hau Keke Napep da shi in sauka, in kuma yi sujada a sake. Aljihu a gefe don waya da makulli. Kada a sa dogon zip a baya wanda sai na nemi mai zuge mini. Shafin ciki na auduga, domin in an sa na roba an ɓata duk wahalar da na sha a Kwari. Sannan ta bar rarar yadi a cikin ɗinkin, ko jiki ya ƙaru a buɗe. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ke kin san abin da kike so. Yawanci sai an ɗinka ake dawo mini da shi." Ta auna ni, ta rubuta a littafinta, muka yi da ita sati biyu, za ta ba direba saƙon a Unguwa Uku in karɓa a Kawo.

Kwance a ɗakin ƙanwata na yi lissafi a bayan rasit. In an gama ɗinki zan tashi da kayan da za su kai ni sati biyu ban maimaita shiga iri ɗaya ba, ga abaya, ga kot, ga jaka da takalmi. Bayan kuɗin tela da na mota, ɗan abin da ya rage na sayi alkaki da man shanu na tsaraba.

Turmi ɗaya ban bar wa tela ba, koren nan. Da shi na dawo Kaduna ranar Lahadi da yamma, don akwai wadda nake so ta gani kafin almakashi ya taɓa shi. Mahaifiyata na zaune kan tabarma a tsakar gida. Idonta ya yi rauni, amma hannunta bai manta ba. Ta warware yadi guda, ta murza shi, ta kai hanci, ta bi bakinsa da yatsa har inda aka buga rubutu.

"Ta ina ce?"

"Ta Chana ce, Inna."

Ta yi shiru, ta ƙara murzawa. "Auduga ce dai. Ba ta kai wadda babanku ke kawowa ba, amma za ta yi miki aiki." Sai ta ƙwala wa jikarta kira ta kawo baho da ruwan sanyi da gishiri, ta ce a jiƙa ta tun yanzu, kuma kada a shanya ta a rana.